Fis Ɗin da Aka Zare

Wata biyu motar marigayi mijin Malama ta yi a ƙarƙashin rumfa ba ta tashi ba. Ƙanin marigayin, wanda yara ke kira Baba Ƙarami, makanike ne. Shi ya duba motar bayan rasuwar, ya goge hannu da tsumma ya ce, "Matar Yaya, injin ya buga. Ki bar min ita in ja ta gareji, kada ta ruɓe miki a gida."

Ta yarda. Wa za ta yarda da shi in ba shi ba?

Amma shekara goma sha biyar tana miƙa wa mijinta sifana duk Asabar in yana gyaran motar. Ranar da za a zo ɗaukar motar, zuciyarta ta ƙi kwanciya. Da safe ta ja birkin hannu, ta tokare tayoyi da duwatsu, ta cire zobe, ta ɗaure mayafi tam kada fanka ta kama shi. Ta kwance baƙar wayar batir tukuna, yadda marigayi ya koya mata, ta kai batirin caji.

Baƙin mai cike yake, ba ɗigo ko ɗaya a ƙasa. Ta buɗe akwatin fis na wutar motar. Gurbi ɗaya wayam: na famfon fetur. Ba ƙonewa ya yi ba, zare shi aka yi.

Ta daɗe tsaye. Sannan ta ɗauko wani fis daga kwalin kayan gyaran marigayi ta sa, ta karɓo batir ta mayar, ta murɗa makulli. Motar ta yi tari sau biyu, ta kama.

Da la'asar Baba Ƙarami ya shigo da igiyar ja a kafaɗa. Ƙarar injin ta tsayar da shi a bakin ƙofa.

"Wa ya taɓa ta?"

"Ni. Ina fis ɗin?"

Ya kalli ƙasa. "Tsohuwar mota wahala ce gare ki. Ni na san darajarta."

"Da ka roƙe ni, wallahi da na ba ka."

Ta miƙa hannu, ya zaro ɗayan makullin motar daga aljihu ya ajiye mata. Yara suka fito da gudu suna yi masa oyoyo. Ba ta hana su ba, amma ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, a nan kukan ya ƙwace mata.