Zaren Mai Jirgi

Tsawa ake ce masa, kuma ba don wasa ba. Lokacin da yake heluma a wuraren gini, in ya ɗaga murya daga ƙasa, lebura da ke can saman bene sai ya ajiye shebur ya leƙo. Da ciwo ya kama shi, likita ya buɗe masa maƙogwaro ya cire abin da ke son kashe shi, ya haɗa da muryar. Sunan dai ya zauna, tunda ba a yi wa suna fiɗa. Abin da ya rage a bakinsa iska ce kawai, kamar taya tana sacewa.

A ɗakin baya rediyonsa yake, a kan teburin katako mai gajeriyar ƙafa ɗaya da aka tallafe da guntun tayil. Ba irin rediyon jin labarai ba ne. Wannan magana ake yi da shi, a ji ka a wata ƙasa, a amsa maka. Waya ta fita ta taga ta hau rufi, ta kama eriyar da ya ɗaura da hannunsa tun yana iya hawa tsani. Ta wannan wayar ya yi aboki, wani tsohon matuƙin jirgin fito a can bayan teku, wanda kowa a iska ke kira Mai Jirgi. Ba su taɓa ganin juna ba. Ba lambar waya, ba adireshi. Me za a yi da su, ga iska kyauta? Kullum da safe sukan haɗu, su gaisa, su zagi juna, su zagi gwiwoyinsu, kowa ya kama gabansa. Haka har gashinsu ya yi fari.

Tun da Tsawa ya dawo daga asibiti, kowace safiya sai ya kunna, kuma kowace safiya sai muryar ta taso daga cikin shuuu ɗin rediyo, tana zuwa tana komawa kamar igiyar ruwa.

"Tsawa, Tsawa, Mai Jirgi ne. In kana ji, ka yi ko tari ne."

Sai Tsawa ya danna makirfo ya buɗe baki iya ƙarfinsa. Allurar da ke nuna ƙarfin magana ko motsi ba ta yi. Mai Jirgi ya jira, ya sake kira, ya haƙura.

Matarsa ta gaji da kallon wannan abu daga bakin ƙofa. Ta ce, "Maigida, miƙo min abin nan in gaya masa kana nan, a huta."

Ya jawo ɗan allon da yake rubuta mata magana, ya rubuta: Ba ki da lasisi.

"Lasisin magana? Tun yaushe nake magana a gidan nan, wa ya taɓa tambayata takarda?"

Ya rubuta: Da an tambaya da na huta.

Ta jefe shi da tsumman goge tebur ta fita. Gaskiyar ita ce ba lasisin ne ya dame shi ba. Ba ya son wata murya ta ba da labarinsa a iska, irin yadda ake sanar da wanda ya riga mu gidan gaskiya. Shi da kansa yake son ya ce ga ni.

Wata safiya Mai Jirgi bai kira shi ba, sai ya yi wa kowa magana. Ya ce ƙarshen wata zai sauke eriyarsa, 'yarsa ta matsa ya koma wurinta, a wani bene da ba a barin mutum ya kafa ko sanda a rufi. Ya yi wa abokai godiya ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Saura wani mai baƙin surutu da nake nema. In ya mutu, Allah ya ji ƙansa. In yana raye yana jina ya yi shiru, Allah ya isa."

Tsawa ya ajiye makirfo.

Akwai abu ɗaya da ya sani. In an gama gaisuwar safe, Mai Jirgi kan gangara wani zangon rediyo na daban, inda ba a magana da baki. A can kwamfuta ake haɗawa da rediyo, mutum ya rubuta, ita kuma ta mai da rubutun wani siririn fito ta tura. Sau nawa Mai Jirgi ya ce ya zo ya gwada, shi kuwa yana cewa ba zai tsufa yana sauraron kukan tsuntsaye ba, namiji da bakinsa yake magana. To, ga bakin nan.

Ya rubuta wa babbar 'yarsa abin da yake so. Ta zo da tsohuwar kwamfutarta ta ofis da wani ɗan akwati mai wayoyi biyu, ta durƙusa ƙarƙashin tebur tana sokawa tana duba takarda.

"Baba, ni fa ban san komai a rediyonka ba. Na haɗa yadda aka zana. In ya fashe, ba ruwana."

Ya rubuta: Uwata, in ya fashe ke za ki biya.

"Da wane albashin?" Ta karkaɗe gwiwa, ta nuna masa inda zai danna in zai karanta da inda zai danna in zai tura, ta ɗauki jakarta ta tafi aiki.

Allon kwamfutar shuɗi ne, shuɗi mai duhu irin na ruwa mai zurfi, kuma gangarowa yake yi a hankali daga sama zuwa ƙasa, ba ya tsayawa. A cikinsa ga wasu zarurruka masu haske, sirara, rawaya-rawaya, suna saukowa a jere kamar ruwan sama a jikin gilashin taga. Wani ya tsinke, wani ya fara daga babu. Tsawa ya kai kibiya kan ɗaya ya danna. Sai haruffa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, kamar tururuwa daga rami. Wani mutum ne, Allah kaɗai ya san a ina, yana ba da labarin ƙudan zumarsa da suka gudu suka bar masa amya. Ya danna na kusa da shi. Wata mata ce tana cewa dusar ƙanƙara ta rufe mata ƙofa, ta taga ta fita. Ashe kowane zare mutum ne. Duk shekarun nan yana wucewa ta kan wannan fito yana toshe kunne, ashe kasuwa ce cike da jama'a, kowa na hirarsa, ba mai taka ƙafar wani.

Hantsi ya shigo ta taga ya kwanta masa a kafaɗa. Idonsa ya yi nauyi. Zarurrukan suka koma igiyoyin da ake zuro bokiti da su daga saman gini, sai dai waɗannan ba a ganin wanda ya riƙe su, daga sama kawai suke saukowa, kowace da ɗan saƙonta a ɗaure. Ya ga kansa tsaye a ƙasa yana tara hannu. Ya ga jirgin fito yana ratsa shuɗin nan ba ƙarar inji, da wani tsoho a gaba wanda fuskarsa ke canzawa, yanzu mai gemu, an jima ba gemu, don bai taɓa sanin wacce ce tasa ba.

Washegari ya sami abokin nasa. Can gefen dama, wani zare madaidaici, da ya danna sai ga lambar kiran Mai Jirgi. Yana gaya wa wani yadda ake gane iskar da za ta juya tun kafin ta juya. Ko a rubuce ma sai ya ja magana.

Tsawa ya jira suka gama. Ya rubuta da yatsa ɗaya, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar ƙusa a yashi: Mai Jirgi, Tsawa ne. Kafin ya tura, hannunsa ya yi abin da ya saba. Ya murɗa ƙarfin rediyo har ƙarshe, ya murɗa na sauti har ƙarshe, ya ƙara na kwamfutar ma. A wurin masu magana da baki haka ya koya, in allura ba ta doki ja ba, ba ka yi magana ba. Ya danna. Allura ta tashi ta maƙale a ja, fankar rediyo ta kama gurnani. Daga falo matarsa ta ƙwala kira, "Wai me kake yi ne? Mutanen talabijin duk sun zama layi-layi!"

Ransa ya yi fari. Ya daɗe bai girgiza gida ba.

Amma amsa ba ta zo ba. Zaren Mai Jirgi ya ɗan tsaya, ya koma can gefe ya ci gaba da hira da wani. Washegari haka. Jibi haka. Wata yana ta raguwa. Tsawa ya hau zargin eriya, ya zargi ɗan akwatin, ya zargi 'yarsa da mijin da ya bar ta ta sayo shi. Ƙarfi dai ba sauran abin ƙarawa, da akwai da ya ƙara.

Rannan yana gama turawa sai wani baƙon zare ya fito daidai wurinsa, ya rubuta: Mai kira a nan, ba a gane ko harafi ɗaya naka, kuma ka rufe kowa. Don Allah rage.

Matarsa ce ta karanta ta bayan kafaɗarsa, da tire a hannu. Ta yi dariya har kofi ya yi ƙara. "Ikon Allah. An cire maka murya, kuma har yanzu ana roƙonka ka yi a hankali."

Ya rubuta da ƙarfi har alli ya karye: Hassada ce. Rediyonsa ƙarami ne.

"To, Allah ya ba ka haƙuri. Sha maganinka."

Bai rage ba. Mutumin da ba a ji, a ce ya rage? Wannan wace irin magana ce?

Ana jibi ƙarshen wata, yana zaune yana kallon ruwan nan na gangarowa, sai wani ya faɗo cikin zangon. Ba zare ba ne wannan. Wani faffaɗan abu ne ja, mai gashi-gashi a gefe, kamar an kifar da bokitin fenti daga saman bango. Ya haɗiye mai zuma, ya haɗiye wasu uku da ke kusa. Tsawa ya danna a kansa don ya ga wane mara kunya ne. Ba abin da ya fito sai tarkacen haruffa, ba kai ba gindi. Ya jawo allonsa zai rubuta zagi, ko da ba mai karantawa. Ya rubuta harafin farko. Sai ya tsaya.

Mutum in yana turawa ba ya ganin nasa a allo. Na wasu kawai yake gani. Ya dubi jan fentin nan yana gangarowa, ya dubi maɓallansa guda uku duk a murɗe har ƙarshe. Ya tuna yadda zaren Mai Jirgi kan ɗan tsaya ya matsa gefe, irin matsawar da mutum ke yi in babbar mota ta fantsamo ruwan kwata.

Ya goge allon da gefen hannu. Ranar ko abincin kirki bai ci ba.

Da safe ya zauna tun kafin a fara gaisuwa. Ya kama maɓallin farko ya dawo da shi baya. Ya gwada, allura ta sauka rabi. Ya ƙara ragewa. Ya rage na biyu, ya rage na uku, har allurar ta koma ɗan rawar jiki kawai take yi a gindinta. Fanka ta yi shiru. Wutar da zai tura ba ta kai ta ƙwan fitilar banɗaki ba. Kunya ta kama shi, kamar an ce ya fita titi ba riga. Wannan raɗa ce, kuma raɗa ita ce abin da ya fi tsana a duniya yanzu.

Zaren Mai Jirgi ya fito a gefen dama. Yana sallama da mutane, yana cewa masu tsani za su zo gobe su sauke eriya. Tsawa ya bari ya kai aya. Ya danna.

Mai Jirgi, Tsawa ne. Ban mutu ba.

Ya saki. Shuɗin ya ci gaba da gangarowa, fili, ba komai a wurin. Ya ji tsuntsu a kan eriya, ya ji ana wanke kwano a kicin. Sai zaren ya dawo, haruffa suka fara fitowa a hankali, suna tsayawa, ana gogewa ana sakewa.

Ɗan banza. Ɗan banza. Na yi maka addu'ar mamaci har sau biyu, ka dawo min da ita.

Haruffan suka fara narkewa a idon Tsawa. Ya buga tebur da tafin hannu har matarsa ta shigo da kumfa a hannu. Ya nuna mata allo. Ta sunkuya tana karanta masa da ƙarfi, tana ƙara nata a ciki.

"Ya ce ina ka shiga. Gaya masa gaskiya dai. Ya ce, wai kai ne jan bala'in nan da ya hana su sakat kwana da kwanaki? To, kar ka yi ƙarya, ina tsaye."

Ya rubuta: An yanka min wuya. Ba murya. Jan ba ni ba ne.

"Maigida!"

Ya ƙara: Ni ne.

Zaren Mai Jirgi ya yi ta saukowa ba harafi a ciki, yana riƙe da wurin kawai. Sannan ya rubuta, ita kuma ta karanta, muryarta ta ɗan canza. Ya ce gidan 'yar tasa akwai 'yar baranda. Ya ce irin wannan hira ba ta son doguwar eriya, guntuwar waya ta isa, zai ɗaura ta daga ƙarfe zuwa ƙarfe ya rataya mata safa biyu, mai gidan ya ɗauka igiyar shanya ce. Ya ce a ba shi sati ya zauna, sannan a neme shi nan gefen dama.

Matar ta goge hannu a zaninta. "Tambaye shi ko yana da safar. In babu, kai kana da marasa 'yan'uwa cike da durowa."

Tsawa ya sunkuya, ya fara neman harafin farko.