Kwalkwalin Fiddausi

Duk wanda ya san layin 'yan fanel-bita na bayan tashar jirgin ƙasa a Funtua ya san Maitama, ya kuma san halinsa: ba ya barin kafa. Kawo masa motar da tirela ta murƙushe, zai buge ta, ya cike ramukan da ƙullun fila, ya goge da sanfefa, har sai ka ga haƙoranka a jikin ƙofa. Abokan aikinsa kan ce da Maitama ne ke ɗinka gidan sauro, da zafi ya gama da mutanen garin.

Abu guda ne ya gagare shi gyarawa, in'inar 'yarsa Fiddausi. Yarinya ce mai kai, tana aji biyar a sakandaren 'yan mata, amma da an ce ta yi magana gaban mutane sai harshenta ya maƙale a kalmar farko, ta yi ta fama har wani ya ƙarasa mata. An je asibiti, an sha rubutu, shiru. Abin yana cin ran Maitama ƙwarai, ko da yake ba ya faɗa wa kowa.

Wata Asabar cikin damina sai ga Malama Naja'atu, mai kula da wasan kwaikwayo a makarantar, ta tsallako kwatamin gareji tana tattare hijabi. Ta ce za su je gasa Malumfashi, kuma a wasan akwai wani jarumin zamanin da mai tsaron ƙofar gari. Wajen gwaji babu kwalkwali, sai yara suka kifa wa Fiddausi bokiti a ka don tsokana. Yarinya kuwa ta zubo maganar jarumin daga farko har ƙarshe, ko tuntuɓe babu.

"In ba ta ganin idanun mutane, harshenta sakewa yake yi," in ji Malama. Ta miƙa masa waya, ya ga hoton wani tsohon kwalkwali mai rufe fuska. "Irin wannan nake so. Amma Malam Maitama, gaskiya zan gaya maka. Alhamis ne gwajin ƙarshe. In muryarta ba ta kai bayan ɗaki ba, wata ɗalibar, Jamila, zan ba matsayin."

"Za ta kai, in sha Allahu," ya ce, ya riga ya fara lalube cikin tarkace.

Ya samo tsohuwar hular kwano ta ɗan acaɓa, ya yanke gilashin. Daga murfin wata mota da ta daɗe da mutuwa ya yanko marufin fuska da na kumatu. Na hagu ya ƙi zama, ya cire, ya buga a kan gungume, ya mayar, ya sake cirewa, har sai da ya kwanta lif. Ya ɗaure su da ƙusoshin ribit, ya bar siririyar tsaga ta idanu. Masu motoci suka yi ta zarya, ya ce su dawo mako mai zuwa, wanda ba zai iya jira ba ga gari nan cike da gareji.

Daga nan hannunsa ya koma abin da ya saba. Duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe ya cike da fila. Ya liƙa soso a ciki don kada ya ji mata ciwo, ya zagaye haɓa da robar ƙofar mota. Ya fesa fentin farko, hadari ya taso, ya ruga da kwalkwalin cikin wata bas marar taya ya zauna gadinsa. Da rana ta fito ya fesa ruwan azurfa, ya ja jan layi a goshi, ya bi da baƙi a gefe-gefe don ya yi kama da tsohon ƙarfe. Wallahi abin ya yi kyau. Har mai shayin bakin titi sai da ya baro tukunyarsa ya zo kallo.

Ranar Alhamis ya ɗauro shi a babur cikin bargo, ya kai makaranta da kansa. Aka taru a ɗakin taro. Fiddausi ta sa kwalkwali a kan hijabinta, ta riƙe mashin kara, ta tsaya ƙyam kamar ba ita ba. Ta fara magana. Hannunta na tafiya, ƙafarta na dukan ƙasa, da gani ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Amma abin da ke fitowa gunji ne kawai, kamar mai magana a cikin rijiya.

"Ɗaga murya!" Malama ta ce daga bayan ɗaki.

Ta ɗaga. Gunjin ya ƙaru, kalma ko ɗaya ba ta fito ba. Nan take Maitama ya gano matsalar. Bokiti a buɗe yake ta ƙasa, shi kuwa ya toshe ko'ina, har da robar da ke hana ruwa shiga mota. Ya ga Malama ta juya tana neman Jamila da ido.

"Malama, don Allah a ɗan dakata."

Ya hau dandamali ya zare kwalkwalin. Fuskar Fiddausi sharkaf da gumi da hawaye, ta yi maza ta sunkuyar da kai. Ya fizge robar haɓa ya yar. Ya zaro ƙusa da ƙaramar guduma daga aljihun rigar aiki, ya ɗora marufin fuskar a kan gwiwarsa, ya saita daidai baki.

"Ba-Ba-Baba, fe-fentin..."

"Bar shi ya lalace."

Ya buga. Fenti ya tsage, fila ta ɓantare ta zubo fari a wandonsa. 'Yan mata suka yi salati. Ya sake bugawa, ya sake, layi bisa layi, har bakin jarumin ya koma kamar matsamin taliya. Ya murza bakin ramukan da ƙotar guduma don kada su yanke ta, ya hure, ya mayar mata a ka da hannunsa. Sannan ya wuce Malama, ya wuce kujerun ƙarshe, ya fita waje ya tsaya bayan taga.

"Ni ne mai tsaron wannan ƙofa! Wanda ke son hatsin garin nan, sai ya bi ta kaina!"

Tas ta fito, kalma bayan kalma, har inda yake tsaye cikin ciyawa. Bai taɓa sanin muryar 'yarsa tana da kauri haka ba. Tafi ya ɓarke a ɗakin. Malama ta ce Jamila ta koma cikin masu tallar fura, Fiddausi ta shirya kayan Malumfashi.

Maitama ya leƙo ta taga, idanunsa jawur.

"Malama, ki ce ta maimaita."

"Ba ka ji ba ne daga nan?"

"Na ji sarai," ya ce. "Ta dai maimaita."