Ruwan da Ya Kwana

Baba Yayyafi ya durƙusa a bakin tafkinsa, hannun riga a naɗe, yana danna maɓallin ɗan injin yana sakewa. Injin ya yi gurnani, ya yi tari irin na tsohon mashayin taba, ya tofo kumfa, ya yi shiru. Ruwan ya ja ƙasa har bakin bututun da ke zuƙarsa ya fito fili, sai iska yake sha. A saman ruwan kuwa, wanda ya koma kore yana wani tsami-tsami, kifaye ne suka taso suna buɗe baki suna rufewa. Babban cikinsu, wani jan kifi mai tumbi, har ya fara kwanciya ta gefe guda.

"Darakta!" Baba Yayyafi ya kira shi. "Haba Darakta, kada mu yi haka da kai."

Sunan tsohon maigidansa na ofis ya sa wa kifin, don shi ma haka yake: ga tumbi, ga buɗe baki duk yini, ba ya cewa komai.

Matarsa ta leƙo daga kicin, ludayi a hannu. "Malam, kwatarniyar taka ce?"

"Tafki ne. Sau nawa zan gaya miki tafki ne?"

"To, tafkin ya yi wari. Ruwa dai ba ya tsami banza."

Ya san wanda ya tsamar da shi. Yana nan durƙushe da gemunsa fari fat.

Rabin rayuwarsa a ofishin ruwa ya yi ta. Da ya yi ritaya, ya rasa wanda zai riƙa ba umarni, sai ya haƙa wannan rami a tsakar gida da hannunsa, faɗinsa bai wuce tabarma ba. Amma ya yi shi da ilimi. Ya ba shi zurfi maimakon faɗi don kada rana ta lashe shi, ya ɗaura masa ragar inuwa a sama, ya sa ɗan inji mai aiki da hasken rana. Injin ya zuƙo ruwan, ya tsarto shi sama kamar taƙi guda, ya sauko kan duwatsu yana ƙulu-ƙulu, ya koma inda ya fito. Ruwa ɗaya ne ke ta zagaye tun safe har yamma, kuma wannan zagayen shi ke ba kifayen iska. Abin da rana ke sha a yini bai wuce kwano guda ba, shi kuwa yakan rage daga bokitin wankansa ya cike.

Sai fari ya zo. Damina ta yi gardama, ta bayanta ma ta bi sahu. Famfo ya koma kawo ruwa sai ranar rabo. Unguwa ta kafa kwamitin tattalin ruwa, kuma ba a sha wahalar neman shugaba ba, tunda ga mutumin da ba ya buɗe baki ya rufe bai ce "da yayyafi kogi kan cika" ba, har maganar ta zame masa suna. Ya karɓi muƙamin hannu bibbiyu. Ya bi gida-gida yana leƙa famfunan mutane, ya hana ban ruwan furanni, ya hana yayyafa wa ƙofar gida ruwa. Ya taɓa kama maƙwabcinsa na bayan katanga, direban tasi, da soso da bokiti a gindin mota, ya wanke shi tas a gaban jama'a, wankin da motar ba ta samu ba.

A taron makon jiya ne direban ya ɗaga hannu.

"Shugaba, wannan ruwan da muke ji kullum yana zuba a gidanka..."

"Za a duba!" Baba Yayyafi ya katse shi. "Magana ta gaba!"

Ashe wanzami ba ya son jarfa. Kunya ta rufe shi har ya ji kunnuwansa na zafi. Bayanin da zai wanke shi bai fi jimla biyu ba, kuma ba wanda ya fi shi saninsa, amma sai ya hango kansa yana rantse-rantse a gaban mutanen da ya saba yi wa lacca. Yana isa gida ya zare wayar injin. Don a ga da gaske yake, ko da yake ba mai gani, har kwanon da yake cikewa ya daina zubawa. Kwana da kwanaki yana wuce tafkin yana kau da kai, kamar wanda ya haɗu da tsohuwar budurwa a kasuwa.

"Kawo ruwan duro," ya ce wa matarsa yanzu.

"Wane duro? Jiya na ƙarasa shi a wanki. Kai ka ce kada a ajiye fiye da ƙima, wai ɓoye ruwa ne."

"Na randa fa?"

"Ɗan kurɓin da za mu sha kafin jibi? In ka ce in kawo, sai in kawo. Mu sai mu taso sama muna buɗe baki."

Ya dubi kifayen. Gaskiyar magana, tun da yaran suka watse kowa ya kama gabansa, waɗannan ne abokan hirarsa. Su yake karanta wa labarai da safe, su kaɗai ne ba su taɓa ce masa "Baba, ka faɗa mana wannan jiya" ba. Tausayinsu ya kama shi, haushin kansa ya fi tausayin yawa. Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya ɗauki bokiti biyu.

"Ina zuwa?"

"Rangadi," ya ce. "Shugaba zai fita duba famfuna."

"To a sauka lafiya. Ka sa hula, bara ma da kwalliya ta fi."

Rana ta take. Ya fara da mai shagon bakin layi, wanda tankar ruwa ta sauke wa da safen nan. Mai shago ya ga bokitan, ya ga mai riƙe da su, ya danne dariya da ƙyar, ya buɗe masa tanki. Baba Yayyafi ya sunkuya ya shinshina. Warin magani ya bugi hancinsa. Wannan maganin shi ya yi shekaru yana sa hannu a zuba, ya san aikinsa: yana kashe ƙwayar cuta, yana kuma hana kifi numfashi. Sai ruwan ya kwana a buɗe maganin ke fita.

"Ba ka da wanda ya kwana?"

"Wanda ya kwana? Baba, ruwa ne ko miya?"

Ya wuce gidan malamar makaranta. Ta saurare shi cikin ladabi daga bakin ƙofa, hannu a ƙirji.

"Wallahi Baba da na ba ka. Amma shugaban kwamiti ya ce duk wanda ya ba da ruwa don abin da ba ci ba sha ba, za a kira sunansa a taro."

"Ai ni ne shugaban."

"Shi ya sa nake tsoro, Baba. Ko gwada ni kake yi?"

Ya tsaya a tsakiyar layi, bokiti a dama, bokiti a hagu, gumi na bin bayansa. Wata mata mai shanya ta leƙo ta taga ta koma da sauri, ya ji tana ce wa wani a ciki a rufe famfo ga shi nan. Wato duk unguwar nan ya gina ta da kyau, ba ƙofar da ya bar wa kansa. Saura gida ɗaya, kuma shi ne wanda ya yi ta zagaye don kada ya je.

Tasin na ajiye a ƙofar gida, datti ya yi mata riga. A gilashin baya wani ya rubuta da yatsa: A TAMBAYI SHUGABA. Baba Yayyafi ya karanta, ya yi sallama.

Direban ya fito da singileti, yana goge hannu. "A'a, Baba! Wallahi ban taɓa ta ba, ga ta nan ka gani."

"Na gani. Ba ita ta kawo ni ba." Ya ajiye bokitan. Jawabin da ya shirya a hanya, mai gabatarwa da dalilai, ya gudu ya bar shi. "Ɗana, kifayena ke mutuwa. Ruwa nake roƙo, wanda ya kwana."

Direban bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Ya juya ciki kawai ya ce, "Shigo, Baba."

A lungun tsakar gida akwai shuɗin duro, an rufe bakinsa da tsohon gidan sauro. Cike yake.

"Na wankin mota ne," in ji direban. "Tun ranar da ka yi mini faɗa yake nan. Na kasa wanke motar, na kasa zubarwa. In kwana kake so, wannan har ya gaji da barci."

Baba Yayyafi ya shinshina. Ba wari ko kaɗan. Ya ɗago zai yi godiya, sai idonsa ya faɗa kan wata tsohuwa a kujerar roba, an jingina kujerar da katangar da ta raba gidajen biyu. Idanunta sun yi fari, ta karkata kai, kunnenta kusan manne da bulo.

"Inna, ga Baba maƙwabcinmu," direban ya ɗaga murya.

"Mai ruwan?" ta ce. "Sannu, bawan Allah. Lafiya ruwan naka ya yi shiru?"

Direban ya tsoma bokiti a duro, yana magana ba tare da ya dube shi ba. "Abin da na so faɗa ke nan a taro, ba ka bari na kai ƙarshe ba. Tun da idonta ya rufe, nan take wuni. A bakin rafi ta girma, ta ce ƙarar na ɗebe mata kewa. Na ga wayar sola a kan rufinka, na san juya ruwan yake yi. So na yi ka koya mini, ko a baho ne in haɗa mata nata."

"Ba ƙarata ka kai ba?"

"Ƙara? Baba, ni da ko motata ban isa in wanke ba?"

Tare suka yi jigilar, direban da bokiti biyu, shugaban kwamiti da ɗaya yana haki, duk layin na kallo ta taga. Bai ƙara damuwa da tagogin ba. Suka kwashe rabin koren ruwan, matarsa ta tare shi a baho ta ce na bayan gida ne, ba digon da zai tafi a banza a gidan shugaba. Suka zuba sabon a hankali ta gefen dutse har bakin bututun ya nutse.

Ya danna maɓallin. Injin ya yi tari sau ɗaya, ya yi shiru kamar mai tunani, sannan ruwa ya tsarto sama ya sauko kan duwatsu.

Ƙananan kifayen suka fara nutsewa ɗaya bayan ɗaya. Darakta bai motsa ba. Baba Yayyafi ya sa tafin hannu a ƙarƙashinsa, ya kai shi daidai inda ruwan ke zuba, ya riƙe shi a miƙe. Hannunsa ya yi sanyi, bayansa ya ƙage, bai saki ba. Can sai jelar ta kaɗa, ta sake kaɗawa, kifin ya zame daga hannunsa ya yi ƙasa a kasalance, kamar mai barin ofis kafin lokacin tashi.

Ruwan na ta ƙulu-ƙulu. Daga bayan katanga wata siririyar murya ta ce, "Yauwa. Ya dawo."

Matarsa ta dube shi, direban ma ya dube shi, dukansu sun san nan ne wurin karin maganar. Shi ma ya ji ta taso masa har maƙogwaro. Ya buɗe baki, ya rufe.

"Ɗana," ya ce, "je ka ɗauko bahon naka, mu haɗa wa Inna nata. In akwai saura a duron, ka wanke gilashin bayan nan."