Ranar Da Ƙwayoyin Suka Ƙi Mutuwa

Shekara goma sha ɗaya Dakta ta yi tana kashe ƙwayoyin halitta, har maigidanta kan tsokane ta da cewa shi mai kisan kai ya aura, amma mai lasisi. Aikinta ke nan. Ta raini ƙwayoyin a ƙananan farantan roba, ta ciyar da su da wani ruwa mai ja-ja, sai sun yi ɓul-ɓul sannan ta gana musu azaba da zafi ko yunwa, ta zauna gaban madubin gwaji tana kallon wadda za ta jure da wadda za ta sallama.

Abin da ya fito da sunanta wani furotin ne. Ta nuna cewa idan aka ɗiga shi a kan ƙwayar da ta riga ta galabaita, sai ta kumbura ta fashe, abin cikinta ya watsu ya tayar da kumburi a maƙwabtanta. Maƙala biyar ta buga a kai. Ɗalibai uku suka yi digiri da shi.

Duk tsawon shekarun nan da furotin da ta tace tun farko suke aiki. An raba shi a 'yan mitsi-mitsin kwalabe aka daskarar, kuma ba mai taɓa su sai Baba Mai Firiza, dattijon ma'aikacin ɗakin gwajin, wanda ya fi sanin cikin firizan nan fiye da aljihun rigarsa. Da kwalaben suka ƙare, sai suka tace sabo da sabuwar na'ura.

Wata safiya ta ɗiga sabon, ta jira awa huɗu, ta leƙa madubi. Ƙwayoyin suna nan kwance lafiya lau.

"Baba, zo ka duba mini. Ko idona ne?"

Ya tura tabaransa goshi, ya sunkuya ya daɗe. "Dakta, waɗannan ko ciwon kai ba sa yi."

Mako uku suna maimaitawa. Suka canza ruwan raino, suka canza farantai, suka narkar da wasu ƙwayoyin daban. Shiru. A mako na huɗu Baba ya sa safar hannu, ya kwashe firizan kaf, yana huci yana ɓamɓarar ƙanƙara da cokali, sai ga tsohuwar kwalba guda ɗaya maƙale a can ƙurya. Suka ɗiga ta. Kafin azahar ƙwayoyin sun farfashe kamar yadda suka saba.

Baba ya washe baki. Ita kuwa ta ƙura wa kwalbar ido.

"Tafasa mini sauran," ta ce.

"In tafasa? Ai furotin ba ya shan tafasa, lalacewa zai yi."

"Shi ya sa."

Ya tafasa, suka bari ya huce, suka ɗiga. Ƙwayoyin suka sake mutuwa. Ta zame ta zauna a kujera. Ke nan ba furotin ɗin ke kisan ba. Gwajin da suka yi washegari ya nuna ɗan ɓurɓushin gubar ƙwayar cuta a tsohuwar kwalbar, wanda ya biyo tacewar farko, irin gubar da tafasa ba ta yi mata komai. Shekara goma sha ɗaya tana yabon wanda bai yi aikin ba.

Shugaban sashe ya saurare ta har ƙarshe, ya tashi ya rufe ƙofar ofis.

"Wa ya sani?"

"Ni da Baba."

"To, ki bar shi a nan. Ki kama wani binciken, abin zai mutu da kansa. Ba ƙarya kika yi ba, kuskure ne. Me zai sa ki tona wa kanki asiri ana gab da duba ƙarin girmanki?"

"Ranka ya daɗe, akwai masu neman maganin kumburi da suke bin furotin ɗin nan saboda ni na nuna musu hanya. In na yi shiru yau, kuskuren ya zama ƙarya."

Ya girgiza kai. "Taurin kan nan naki dai."

Da yamma ta tarar da maigidan a bayan gida yana goge katako, don kafinta ne. Ta zayyana masa komai a tsaye, ko jaka ba ta ajiye ba. Ya busa ƙurar katakon, ya ce, "Yanzu duk gawawwakin nan ba ke kika kashe su ba? Ashe an wanke ki."

Ba ta so ba, dariya ta ƙwace mata, hawaye na biye.

"Rubuta wa mujallun da suka buga maƙalun za ki yi?"

"Zan rubuta."

"Na sani. Je ki cire takalmi tukuna."

Wasiƙun janye maƙalun ba su ba ta wuya ba kamar kiran ɗalibarta ta farko, wadda yanzu take koyarwa a wata jami'a, kuma kundin digirinta kacokan a kan furotin ɗin ya tsaya. Dakta ta faɗa mata ba kwana-kwana.

"Malama, shekara huɗu na yi a kan abin nan. Da goyo na yi shi."

"Na sani. A gabana kika yi."

"Yanzu me zan gaya wa ɗalibaina?"

"Abin da na gaya miki. Laifin nawa ne, kuma haka na rubuta."

Ɗalibar ta kashe wayar ba sallama.

An janye maƙala huɗu cikin biyar. Ƙarin girma ya wuce ta. A taron masana na shekarar, waɗanda a da suke rige-rigen gaishe ta sai su ɗaga hannu daga nesa su yi gaba. Ta tsaya a gaban zauren ta nuna hoton faranti biyu, na tsohuwar kwalba da na sabuwa, ta yi bayani, ba ta tsallake ko layi ɗaya ba.

Akwai abu guda da ya ƙi barin ranta. Gubar nan ba ta taka kara ta karya ba, kuma a duk tsofaffin littattafan gwajinta ba ta taɓa kashe lafiyayyar ƙwaya ba, sai wadda ta sha wahala. Me wahala ke buɗewa a jikin ƙwaya har ɗan wannan abu ya kayar da ita? Ta fito da littattafan goma sha tara ta jibge a tebur, ta bi su shafi-shafi da jan biro, tana ware abin da ya rushe da abin da ke tsaye. Na tsayen ya fi yadda ta zata.

Ita da Baba suka zage damtse. Wannan karon duk ruwan da zai taɓa faranti sai an gwada shi sau biyu, har Baba ya ce saura ruwan shayinsa. Aka yi wata bakwai ba wani abin kirki. A na takwas suka ga cewa zafi na sa wata kafa buɗewa a fatar ƙwayar, kuma idan aka toshe ta, gubar ba ta yin tasiri.

Dakta ba ta yi murna ba tukuna. Ta ce sai wani hannun da ba nata ba ya maimaita. Ta tura wa ɗakunan gwaji uku bayanin, har da na ɗalibar nan, ba tare da ta sa rai ba. Biyu suka ce ba su da lokaci. Bayan mako shida, tana cikin wanke hannu, wayarta ta yi ƙara.

"Malama, na gwada sau uku. Biyu sun yi, ɗaya bai yi ba."

"Wanda bai yi ba, a zafi nawa kika ajiye su?"

Dakta ta ji ƙarar buɗe takardu. "Arba'in da ɗaya."

"Mu arba'in da biyu muke sawa. Amma kada ki yarda da ni. Ki gwada duka biyun, mu ma za mu gwada a nan."

Ta maƙale wayar a kafaɗa, ta yafito Baba da jiƙaƙƙen hannu. "Baba, narkar mana da ƙwayoyi. Faranti goma sha biyu."