Faifan da Injin Ya Ƙi Faɗin Sunansa

Kwana arba'in da rasuwar mai hoto, matarsa ta buɗe shagon ta tarar da kwamfutarsa a kunne yadda ya bar ta, cikinta na ƙas-ƙas kamar ɓera na cin katako. Ta kira ƙanenta, wanda unguwa ke ce wa Injiniya ko da yake a bakin titi ya koyi gyara.

Ya kwance murfin, ya leƙa. Faifan ajiya biyu ne a ciki, kamfani ɗaya, girma ɗaya. Marigayin ya taɓa gaya masa cewa ya kwafe ɗaya a kan ɗayan shekara uku da suka wuce, bai sake ba. Ke nan ɗaya na ɗauke da komai, ɗaya tsohon kwafi ne.

"Yaya, mai aikin ne ke mutuwa. In na juye shi kan ɗan'uwansa, an tsira."

"To juye mana. Ko sai na yi maka kirari?"

Ya buga umarnin da ke jero faifan da injin ya ɗora. Kowane abu ya fito da sunansa, ban da wanda ake nema. A layin farko aka rubuta /dev/root kawai.

Ya san dalili. Lokacin da injin ke farkawa, ƙwaƙwalwarsa takan kama faifan da za ta tsaya a kai tun ba a raba wa faifai suna ba, sai ta kira shi tushe, ta ci gaba da kiransa haka. Ita ta san wanda take nufi. Shi ne bai sani ba.

"Me ya ce?"

"Ya ce tushe ne."

"Wanne daga ciki?"

"Shi ne bai faɗa ba. In na juya ta baya, tsohon zai hau kan sabon. Shekara uku ta tafi."

"Kai da ake ce wa Injiniya."

"Masu cewa ba su taɓa ganin wannan ba."

Akwai hanyar ganewa ta wasu lambobi, ya taɓa gani a hannun marigayin, bai riƙe ba. Kashewa kuma ba zai yi ba, don faifai mai irin wannan kuka bai cika tashi sau biyu ba. Ya zauna, hannu a kan maɓallai, gumi na bin wuyansa.

Daga ƙarshe ya zaro ƙaramin filas na kwafar hotuna daga aljihu. "Wannan ba zai ɗauki ko kashi ɗaya cikin ɗari ba. Zaɓi."

Ba ta nemi hotunan masu biki ba. "Nasa nake so. Autata ba za ta tuna fuskarsa ba."

Suka yi ta buɗewa: amare, jarirai, 'yan makaranta, 'ya'yansa ma birjik. Shi babu, kullum yana bayan kyamara. Kowane hoto sai injin ya ja numfashi kafin ya buɗe shi.

Can sai ga shi a madubin shagon, bayan wata amarya, rabin fuska a waje, yana dariya. Bara ne.

"Shi ne! Ɗauko!"

Ya danna. Layin kwafi ya ɗan motsa, ya tsaya. Ƙas-ƙas ɗin ya yi shiru. Linzamin kwamfutar ya ƙi motsi, hoton ya daskare a allo.

Faifan ya mutu. Ta goge allon da gefen mayafinta, ta ɗaga wayarta za ta ɗauki hoton.

"Matsa," ta ce, "inuwarka na shiga."