Awon Ido

Tela dai kowa ya san shi da cika baki a kan idonsa. Mutum zai shigo shagonsa da yadi a hammata, kafin ya gama sallama Tela ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, "Ajiye ka tafi, na gama auna ka." Abin haushin kuma, rigar sai ta fito cif. To irin wannan sa'ar ce take lalata mutum.

Mahaifinsa masunci ne, yana da ɗan jirgin katako da yake shiga tafki da shi. Da shekaru suka ja, kafaɗarsa ta dama ta soma ciwo. Likita ya duba ya ce magana ɗaya ce, ko Baba ya bar tuƙi da filafili, ko ya rasa amfanin hannun. Baba ya ce shi barin ruwa kam sai dai a ɗauke shi ranga-ranga. Nan Tela ya bugi ƙirji a waya, ya ce zai saya masa ɗan injin nan mai aiki da batir, wanda ba ya ƙara balle ya kori kifi.

"Madalla," in ji Baba. "Amma ka zo ka ga jirgin tukuna."

"Haba Baba! Jirgin da na girma a cikinsa? Ɗinki ya yi mini yawa, ka bar mini komai."

A shagon kayan jirgi, injinan na rataye a jere jikin wani ƙarfe, kowanne da doguwar ƙafa, farfela a ƙarshenta. Mai shago ya yi ta tambaya: jirgin katako ne ko na roba, mutum nawa yake ɗauka, ruwan na da igiya ko a kwance yake. Tela ya amsa duka ba gargada. Sai mai shago ya dafa ƙafar wani inji ya ce, "Saura babbar. Daga saman katakon baya zuwa fuskar ruwa, tsawon nawa ne? In ƙafar ta gaza, farfela iska za ta riƙa sha."

Tela ya lumshe ido, ya hango jirgin, ya ware tafukan hannunsa. "Kamar haka. Ba ni mai gajeriyar ƙafa."

"Malam, da ka buga gida an auna."

Wai shi za a ce wa a auna! Tela ya ji kamar an zage shi. Ya ce a naɗe masa kawai. Kuma idon nasa bai yi ƙarya ba, jirgin da ya hango haka yake. Sai dai jirgin ƙuruciyarsa ne. Tuni Baba ya sa kafinta ya ƙara wa bayansa katako saboda igiyar ruwa, Tela kuwa rabonsa da bakin tafkin har ya manta.

Ya ba direba saƙon ya kai. Baba ya bugo waya yana ta sa albarka, yana cewa inji sai ka ce mage, ba a jin tafiyarsa. Tela ya ba duk wanda ya shigo shago labari, har masu ɗinki suka gaji da ji.

Sai da aka kwana biyu sannan ya je gida, da sabuwar riga da ya ɗinka wa Baba. Ya buɗe ta a falo ya ce a gwada. Baba ya sa hannun hagu lafiya lau. Da aka zo na dama, hannun ya tashi kaɗan ya tsaya, Baba ya cije leɓe, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya yi dariya ya ce rigar ce ta matse. Tela ya san rigarsa ba ta matse ba. Ya dubi Inna, mahaifiyarsa, ita kuwa ta tashi ta ce ta bar tukunya a wuta.

Da safe ya ce sai ya bi Baba ruwa. Baba ya kawo uzuri iri-iri, Tela ya kafe. Shi ya ɗauki batirin daga inda ake cajinsa a bayan ƙofa, kafin su kai bakin tafki ya sauya hannu ya fi a ƙirga. Ashe wannan kayan tsohon yake ɗauka kullum, zuwa da dawowa.

Masunta suka yi caa da gaisuwa. "A'a, ga mai inji da kansa! Allah ya ba mu ɗa irinka." Tela ya yi yaƙe. Idonsa na kan wani buhun duwatsu da ke kwance a bayan jirgin. Baba ya hau kan buhun ya zauna, bayan jirgin ya nutsa har ruwa ya kusa baki, sannan farfela ta samu ta ɗan shiga. Ya kunna, suka tafi a hankali, kumfa na tashi.

Suna shan kwanar ciyayi, inda ba mai hango su, ruwan ya soma rawa. Farfela ta fito fili tana ta juyi a banza, fir, fir. Baba ya kashe injin, ya jawo filafili daga ƙarƙashin raga, kamar wanda ya saba. Ga nauyin inji, ga batir, ga duwatsu, duk a kan kafaɗar da aka ce a hutar.

Tela ya ƙwace filafilin. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, ya ji ya tsani kansa.

"Baba, don Allah me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"In ce me? Duk bakin ruwan nan ba wanda ɗansa ya taɓa aiko masa da ko ƙugiya. Kai ka aiko da inji sukutum, sai in ce bai yi ba?"

"Gobe zan koma in kawo mai doguwar ƙafa. Wallahi gobe."

"Allah ya kai mu."

"Likita fa? Ka koma?"

Baba ya kalli ruwa. "Na koma. Ya ce yanzu ba sai ya hana ni tuƙi ba, hannun ya riga ya yanke shawararsa."

Tela ne ya yi tuƙin ranar gaba ɗaya, shi ya ja raga, tafukansa suka yi ƙulu-ƙulu da bororo, bai ce wash ba. Ya so ma a ce ciwon ya fi haka.

Da suka juyo, suna dab da kwanar ciyayin, Baba ya ce, "Ɓoye filafilin nan, ka dawo baya kusa da ni, nauyinmu ya haɗu." Tela ya matso ya zauna. Baba ya kunna injin da hagu, farfela ta kama ruwa, jirgin ya fito fili tsaf. Masunta suka hango su daga gaɓa suna ɗago hannu, wani har da tafi.

Baba ya washe baki yana musu murmushi. Ta gefen baki ya ce, "Ɗaga musu hannu mana, ɗan nan. Ni nawa ba ya tashi."