Kakin Zuma a Ƙafar Mota

"Tsaya, Lahusin! Wani abu na ƙonewa!"

Kafin Ijja ta rufe baki mijinta ya taka burki, ƙatuwar motar mai ɗaki da gado ta gangara gefen titi tana huci. Ya diro. Ƙafar gaba ta dama ce ke hayaƙi, baƙin mai ya yi wa cikin tayar fenti.

Ya durƙusa ya goge ɗan gilashin da ke tsakiyar cibiyar ƙafar. Nan man giya ya kamata ya tsaya daidai zanen da aka ja. Wayam. Shi kuwa da hannunsa ya cika shi a birnin Agadir, da safen nan da likita ya ce su kai wansa Bihi gida, asibiti ta yi iyakar yinta.

Bihi na kwance a gadon baya, fata da ƙashi. Tun yana saurayi ya bar garinsu Tizgarin bayan rikicin rabon ruwan gona, bai sake komawa ba. Yanzu abu ɗaya yake roƙo: ya cika a ƙarƙashin dabinon ubansu.

Lahusin ya naɗe hannu da tsumma ya zare toshiyar robar da ke jikin gilashin. Ya juya ta, ya ƙura ido. Ɗan hujin da ke tsakiyarta a liƙe yake da wani abu rawaya. Ya sunsuna.

"Ijja! Wa ya sa kakin zuma a nan?"

Ta leƙo ta taga. "Ni ce. Rami na gani a buɗe, ga yashi a hanya. Duka na ƙafafun gaba biyun na toshe."

"Tulun manki na ƙwayar argan ne, da za ki liƙe shi da kaki? Hancin ƙafar ne, baiwar Allah! Mai in ya yi zafi ta nan yake numfashi. Kin toshe shi, ya fasa robar ciki ya zube."

"To da ka taɓa gaya mini? Kullum kana ƙarƙashinta kamar ƙadangare, ka fi hira da ita a kaina."

Ba ta ƙarasa da ƙarfi ba. Ta waiwaya wajen gadon, ta sa gefen mayafi a baki.

Lahusin ya koma kan toshiyar. Ya huda kakin da ƙaya, ya zagaya ya huda na ɗaya ƙafar, sannan ya ɗauko gorar man giya, ita kaɗai ta rage, ba ta ma cika ba. Ya jira ƙarfen ya huce. Ya tsiyaya kaɗan. Man ya hau zanen, ya tsaya, ya sulale cikin boris, ƙarafan da ƙafar ke juyawa a kansu. Ya ƙara. Aikin ba ya son gaggawa, shi kuma gaggawar ce ke cinsa.

"Ƙanena," muryar Bihi ta fito siririya, "mun iso?"

"Saura ƙiris, Yaya."

"Tun kana yaro ba ka iya ƙarya ba. Buɗe mini taga, ko iskar garin na shaƙa."

Man ya zauna a zanen daidai lokacin da gorar ta ƙare. Lahusin ya leƙa bayan tayar. Ɗis. Ɗis. Ya yi lissafi a zuci: in ya lallaɓa, zai kai su Tizgarin da ƙyar. Komawa baya kuwa, ko rabin hanyar garin da suka wuce ba zai kai ba, boris ɗin zai kama wuta.

Yana mayar da toshiyar ya ji ƙarar babur. Wani dogon mutum da shuɗin rawani ya tsaya a gaban motar, ya gicciye babur ɗin a titi. Bai yi sallama ba.

"Motar da ta ɗauko Bihi ce wannan?"

"Ita ce. Lafiya?"

"Ubana ne wanda Bihi ya sara da fartanya a bakin magudana. Yana raye, bai manta ba. Ya ce in gaya muku ku juya."

Lahusin ya dubi hanyar da suka baro, ya dubi gorar da ke hannunsa. A ƙarƙashin motar man na ci gaba da ɗiga cikin yashi.